Daga Gidan Makama Zuwa Gandun Albasa: Yadda Muka Shirya Falonmu

Tun da muka tare a gidanmu na Janbulo, duk wadda ta shigo tambayarta ɗaya ce, wane kamfani ne ya yi muku falon nan? Idan na ce babu kamfani sai a ɗauka rowa nake yi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda aka bi daki-daki, musamman saboda wadda ke da gida a hannu, kuɗi a ƙididdige, ga kuma waya ta cika da hotuna har ta rasa wanne za ta nuna wa kafinta. Ni malamar makaranta ce, ban karanci wannan fanni ba, kuma abin da na kashe bai kai na wasu ɗakunan amare da nake gani ba.

Lokacin da maigida ya miƙo mini makulli, ginin bulo ne an yi rufi an yi filasta, an sa ƙofofi da tagogi, sauran komai yana jira. Ya faɗi abin da ya ware, ya ce babu ƙari ko sisi. Kamar kowa, da waya na fara. Instagram, Pinterest, TikTok, da hotunan da masu jere ke sakawa a WhatsApp, babu inda ban leƙa ba. Da tafiya ta yi nisa sai na lura kusan duk abin da na tara kashi biyu ne. Akwai na Turkiyya da Dubai, manyan kujeru masu ruwan gwal da fitila mai lilo a tsakiyar silin, wanda yawancin ɗakunan amaren Kano na yanzu shi suke kwaikwayo. Akwai kuma na Turawa, komai fari ko ruwan toka, da tagogi tun daga ƙasa har sama. Duka suna da kyau a hoto. Amma masu manyan tagogin nan rana suke nema, mu kuwa a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gudunta muke yi. Farin kafet ɗin da ke hoton bai taɓa ganin ƙurar hunturu ba, kuma babu hoto ko ɗaya da aka baje tire a ƙasa yara sun kewaye shi suna cin tuwo.

Abu na farko da ya yi mini amfani ko kwabo ban kashe a kansa ba. Na riƙa zuwa gidan yana kango in shimfiɗa tabarma in zauna, wani lokaci da hantsi, wani lokaci da azahar, wani lokaci bayan la'asar. A nan na gane tagogin falon biyu yamma suke kallo, daga ƙarfe uku zuwa faɗuwar rana bangon gabas kamar an kunna masa wuta. Na sayi tef na auna komai da ƙafa da inci, domin da su kafintoci da masu labule ke lissafi, na zana falon a littafi: tsawo ƙafa 20, faɗi 16, ga ƙofofi, ga tagogi, ga inda aka bar ramukan soket. A shafi na gaba na rubuta yadda muke rayuwa, ba yadda nake so a ɗauka muna yi ba. Baƙin maigida kada su hango cikin gida daga inda suke zaune. Hajiya surukata tana fama da gwiwa, ba ta iya tashi daga kujera mai lotsawa. Yara a ƙasa suke haddar Islamiyya. Idan aka taru da azumi a falon ake jam'i, saboda haka bangon alƙibla ba za a kafa masa talabijin ba, kuma tsakiyar ɗakin dole ya zama fili. Wannan littafin shi ne takardar da ta fi kowace amfani a duk aikin, har ya yi baƙi saboda yawo a jaka.

Da na kai wa gwaggona hotunan a cikin gari, ta ɗan jujjuya wayar ta miƙo mini. Ta ce, "Ke 'yar nan, duk wannan ai ɗakin mutum ɗaya ne aka yi ta ɗauka." Ita har yanzu jerenta na nan. Bango guda ne kacal, daga ƙasa har kusa da rufi, kwanukan langa masu fure an ɗora ƙarami a kan babba, tasoshi a ƙasa an goge su suna ɗaukar ido, sauran bangwayen uku kuwa farar ƙasa ce kawai sai faifai biyu a rataye. Ta ba ni tarihi a taƙaice, cewa kakanninsu ƙorai suke jerawa, aka koma tasa, aka zo langa, mu kuma muka tashi a zamanin tangaran da samira a cikin kabad mai gilashi. Ta ce a kowane zamani wuri ɗaya ake cikawa a bar saura ya huta, sai yanzu ne ake son kowane lungu ya yi magana. Ita ce ta ce in je Gidan Makama in ɗaga kaina sama, kada in tsaya kallon kayan yaƙi.

Gidan Makama yana kusa da fadar Sarki, kuma asalinsa tun ƙarni na 15 ne, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ana yankar tikiti a bakin shiga, kuɗin ba shi da yawa, sannan a haɗa ki da mai zagayawa. Ki je a ranar aiki da safe, domin idan motocin 'yan makaranta suka sauke yara ba za ki ji bayanin kowa ba. Ki kuma nemi izini kafin ki ɗaga waya. Na gaya wa malamin da ya zagaya da ni gaskiyar abin da ya kawo ni, na ce, "Malam, ni gini na zo kallo." Ya yi dariya, ya ce to Hajiya yau kin sauƙaƙa mini, ya ja ni soro-soro.

Abin da ya fara taɓa ni sanyi ne. Daga tsakar gida da rana ke dukan ka, kina sa ƙafa a cikin soro sai ki ji kamar an yayyafa miki ruwa, babu fanka babu komai, kaurin bango ne kawai da ƙananan tagogi can sama. Sai rufin. An jera azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika damunsa ba, gajeru-gajeru a karkace, wannan layi ya nufi nan wancan ya nufi can, har suka fitar da zane ba tare da an shafa musu komai ba. Bakan gizo, wato ginin da ke tallafe rufin, ya taso daga bango ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, shi ke ɗauke da nauyin, shi ne kuma adon. Malamin ya yi mini bayanin tubali da birji, da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa a shafe bango don kada ruwa ya ci shi, da laso, wani shafen bangon, da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Na daɗe ina kallon launin bangon. Ba ja ba ne, ba ruwan ƙasa irin na gwangwanin fenti ba ne, wani abu ne a tsakani da ke canzawa idan haske ya motsa. Ban fito da niyyar yaɓa wa ginin bulo laka ba, wannan wahala ce da ba za ta ɗore ba. Abu uku na rubuta a littafi: launin, lanƙwasar bakan gizo, da jerin azara.

Daga baya na je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan da Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, inda yanzu hukumar tarihi da al'adu ta jiha take. Can na je kallon zanen bango. Abin da na lura da shi, a nan da kuma tsofaffin gidajen da na riƙa tsayawa ina kallo a lungunan cikin gari, shi ne magina na da ba ko'ina suke zuba ado ba. Bakin ƙofa, goshin zaure, kewayen taga, nan ake tara dagi da sauran zane, sai a bar bango mai faɗi haka nan. Maganar gwaggo ce dai aka rubuta da ƙasa. A ganina a nan ne masu yin ado na gargajiya a otal-otal da wuraren biki suke ɓata rawarsu da tsalle, su bi kowane bango da dagi kala bakwai har ido ya rasa wurin sauka.

Marinar Ƙofar Mata ce zangona na gaba, kuma a nan aka fara kashe kuɗi. Marinar ta haura shekara 500, ana danganta kafuwarta da 1498. Rijiyoyi ne a jere, da yawansu sun bushe, waɗanda ke aiki kuma an kifa musu murfin kaba. Baba da toka ake zubawa a ruwa a bar su su ruɓa na makonni, sannan marini ya riƙa tsoma ƙyalle yana ɗagowa iska ta buge shi. Da idona na ga ƙyalle ya fito kore-kore, kafin a ƙirga ashirin ya juye shuɗi. Yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi. Ɗaurin da ke fitar da zane kuwa yawanci mata ne ke yinsa a gida da allura da zare. Akwai na sayarwa a rataye, amma ni na ba da aiki, domin ina son babba guda na bango da ƙanana na rigunan filo, duk daga rijiya ɗaya don kada launi ya saɓa. Dattijon da na yi ciniki da shi ya ce, "Hajiya, in kina sauri ki ɗauki na rataye, wannan sai ruwa ya yarda." Na ba da rabi, ya rubuta mini a 'yar takarda, na jira. Da na koma karɓa sai na bi da su wajen mabuga, suka ɗora a kan gungume suka yi ta bugu da tabarya har suka yi sheƙi. Gargaɗi biyu marinin ya yi mini, kuma duka gaskiya ne. Ƙyallen yana zuba a wankin farko-farko, saboda haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi kafin a ɗinka, kada ya ɓata kujera ko farar rigar baƙo. Sannan kada a yi labule da shi a tagar da rana ke duka, zai koɗe.

Kasuwar Kurmi sai da na shirya mata. Ita ma tun zamanin Rumfa take, lungunanta ƙanana ne, mutum biyu da kyar suke giftawa. Kina sauka daga adaidaita sahu za a tare ki, "Hajiya me ake nema?" Waɗannan 'yan kamasho ne, suna da amfani idan ba ki san hanya ba, amma la'adarsu a cikin kuɗin kayanki take. Na tafi da ƙanena, muka yi zagayen farko ba mu taya komai ba, muna tambaya muna wucewa. A zagaye na biyu aka yi ciniki. Wurin dukawa na fi daɗewa, a kan tum-tum, wato matashin fata da ake ajiyewa a ƙasa. Ki ɗauka ki shinshina, idan fatar tana ƙarni jimarta ba ta yi ba, kuma a ɗakin da ake rufewa warin ba zai bar ki ba. Ki murza farin ƙyalle a kan jar fatar, ki ga ko launin zai kama shi. Ki buɗe ɗinkin ki duba ta ciki, domin akwai leda da ake yi wa zane ta yi kama da fata. Na saye su babu ciko, ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka, na cusa musu tsofaffin tsummoki da ragowar yadi daga wajen tela, sun fi soso tsayawa da nauyi.

A rumfar wani tsoho na ga fayafai a ɗaure cikin buhu, ba irin masu kalar roba da ke gaba ba, masu launin kaba da baƙi da ja mai duhu. Na zaɓi tara, manya da ƙanana. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya ce albarka, na miƙe, ya ce, "Dawo 'yata, kawo kuɗin, amma ki sani wadda ta saƙa wannan ba ta ƙara yin irinsa." Ko gaskiya ne ko dabarar kasuwa, saƙar ta fi sauran matsewa nesa ba kusa ba. Na ƙara da ƙwarya biyu masu sassaƙa, da tire na tagulla, da tabarmar kaba doguwa. Nan na tsaya, duk da cewa idona ya so fiye da haka.

Yanzu na zo kan abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin. Ban sayi fenti ba sai da waɗannan kaya suka zo hannu. Fenti ana haɗa miki kowace kala kike so, amma ba za ki sa rijiyar marina ta bi kalar bangonki ba. Na yanki ƙyallen shuɗin, na ɗauki faifai ɗaya da guntun jar fata, na zuba a jaka, duk inda za ni da su nake tafiya. A Ƙofar Ruwa, wajen masu kayan gini, na shimfiɗa su a kan tayil iri-iri kafin na zaɓi mai inci 24 marar sheƙi, launin yashi. Mai shagon ya so in ɗauki fari mai walƙiya, ya ce shi ake yayi. Fari mai walƙiya kuwa sawun kowa yake nunawa, kuma idan aka fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa santsi gare shi. Ki ƙara kwali ɗaya ko biyu a kan lissafin mai sa tayil, ki duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, domin idan ya yanke kika koma ba lallai ki samu launin ya dace ba. Ki karɓi rasit mai sunan shago, ki kuma sa a buɗe kwalayen a gabanki kafin a loda a kurkura.

Mai fenti da na nuna wa launin da nake so ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, kalar ƙasa? Ai mutane cewa za su yi ba a gama ginin ba." Na ce ya haɗa mini kaɗan-kaɗan kala uku, ya shafa kowanne faɗin tabarmar sallah a bangon da za a yi wa. Muka bar su suka bushe, na je na gan su da safe, na gan su da yamma. Wanda ya fi kyau a cikin bokiti shi ya fi muni da la'asar, ya koma kamar lemo. Muka ɗauki mafi dusashewa. Bango ɗaya kawai aka yi wa, sauran aka yi musu fari mai ɗan ruwan madara. Na biya ƙarin kuɗi aka sa mai santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda yara. Ki kuma tabbata filasta ta bushe sosai, sabon siminti yana son kamar wata guda, idan aka yi gaggawa fentin zai kumbura ya riƙa ɓarewa.

Kafin fentin ma akwai jerin da bai kamata a karya ba, mai fentin ne ya karanta mini shi: mai sa wayar lantarki ya gama fasa bangonsa, a yi silin, a sa tayil, a gyara fuskar bango, a yi fenti, sannan labule da kujeru su shigo. A kan silin an ɗan kai ruwa rana. Mai fi-o-fi ya zo da wayarsa cike da hawa uku-uku da fitilu masu canza kala. Na ce shafaffe nake so, sai murabba'i ɗaya a tsakiya da za a jera siraran katako a karkace irin jerin azara. Na nuna masa hoton Gidan Makama. Ya ce bai taɓa yi ba, amma aikin ya fi sauƙi, kuɗin ma ya sauko. Ƙofar da ke tsakanin falo da wajen cin abinci kuma na sa magini ya lanƙwasa samanta. Wannan cikin gida ne kuma ba a taɓa ginshiƙi ba. Idan abin naki ya kai ga ƙara ɗaki ko canza fasalin ginin, to sai an bi ta hukumar tsara birane ta KNUPDA, idan kuma gidan haya ne ki samu yardar mai gida a rubuce kafin a ɗaga guduma. Ƙwan fitila kuwa ki duba kwalinsa. Mai lamba 6500K fari ne tas, yana mayar da launin ƙasa kamar toka. Mai 3000K na saka a falo, na bar farin a kicin da inda yara ke karatu.

Mai zanen bango ya yi wuyar samu. Ta hannun maginin aka samo wani dattijo da ya gaji sana'ar, yanzu da siminti yake yi saboda aikin ƙasa ya ja baya. Na ce dagi ɗaya nake so a saman lanƙwasar, da siririn zane ya biyo gefenta, kuma kada a sa masa wata kala, a bar shi launin bangon, inuwa ta fito da shi. Ya fara zanawa da gawayi, muka ja baya muka duba, ya goge ya rage girmansa, sannan ya ɗora siminti yana gyarawa da 'yar wuƙa da yatsa. Ya ce rabon da a ce masa ya rage ado har ya manta.

Kujeru su suka cinye kaso mafi girma, su suka kuma fi ba ni ciwon kai. Na zagaya Gandun Albasa, inda kafintoci ke baje kujeru a bakin titi, na zauna a kan da yawa. Kada ki ji kunyar zama, ki kuma sa a kifa kujerar ki ga cikinta. Na zaɓi wani kafinta saboda haɗin katakonsa, na ba shi zane mai sauƙi: ƙafafu a waje don tsintsiya ta shiga, hannu na katako, mazauni mai tauri, rigunan da ake zugewa a wanke, da kujera ɗaya mai ɗan tudu saboda Hajiya. Tare muka je 'Yan Katako a Na'ibawa aka zaɓi maɗaci busasshe, domin ɗanyen katako idan hunturu ya buge shi tsagewa yake yi, haɗin ya saki. Muka rubuta yarjejeniya a takarda, kowa ya riƙe kwafi: adadin kujeru, awonsu, irin katako, irin soso da kaurinsa, guntun yadin a manne da takardar, ranar kawowa, da wanda zai biya mota. Kafin alƙalami rabi, kashi 30 idan na ga ƙirar kafin a rufe ta da yadi, cikon kashi 20 sai kaya sun shiga falo. Ƙanena da makwabcin shagonsa suka sa hannu a matsayin shaidu.

Ya ce sati uku. An kusa ninka haka. Aikin ya faɗo gab da azumi, lokacin da ake ta ɗaura aure a Kano, kuma duk kafinta ya san uwar amarya ta fi ki iya kuka. Kullum gobe, kullum yaron shago ne ke ɗaga waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman ranar da na je na tarar da katakona a jingine an ɗora masa gadon wata. Abin da ya taimaka shi ne zuwa da kai, ba faɗa, in gaishe shi in samu benci in zauna, da kuma cikon da ke hannuna. Zuwan ganin ƙirar ma ya yi rana, domin soson da na tarar ba shi muka rubuta ba. Na ciro takarda, ya ce yara ne suka ɗauko, aka canza. Da a ce an riga an rufe da yadi, sai bayan wata shida zan sani. Aikin dai da ya fito ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Labule a Kantin Kwari na yanko. Ki je da awon tagoginki, ki ninka faɗin sau biyu don ya samu tattara, tsawon kuma a auna daga inda za a kafa ƙarfe, ba daga bakin taga ba. Na sa an kafa ƙarfen kusa da silin, ɗakin ya ƙara tsayi a ido. Yadi mai kauri marar fure na ɗauka, launin gero, aka yi wa na tagogin yamma shafi ta baya. Wannan shafin ya rage zafin la'asar fiye da yadda na zata.

Ranar jere yayyena da ƙannena suka zo da niyyar aiki, suka tarar kayan ba su da yawa. Babbar yayarmu ta tsaya a tsakiyar falo ta ce, "To ina sauran?" Ta so a kawo kabad mai gilashi, ta so furannin roba a kusurwa, ta so agogo mai gwal. Na ce Yaya a bari mu kwana biyu a haka tukuna. Fayafan muka fara jerawa a ƙasa, muna matsar da wannan muna ɗauke wancan, sai da tsarin ya zauna muka ɗauki hotonsa sannan aka buga ƙusa. Shuɗin ƙyallen aka ɗaure a firam aka rataye a farin bangon da rana ba ta kaiwa. Tum-tum suka zauna a kan tabarma a gindin bangon ƙasa, tiren tagulla a tsakaninsu. Maigida da ya shigo bai ce komai ba sai da ya zagaya, sannan ya tambayi ko kuɗin ya isa. Hajiya kuwa ta nufi kujerarta kai tsaye kamar an gaya mata.

Game da kuɗi, ba zan rubuta farashi ba domin tun bayan cire tallafin mai a 2023 kuɗin da aka faɗa miki yau ba lallai ya kai mako ba. Amma rabon zai yi miki amfani. Kujeru sun ci kusan kashi biyu cikin biyar. Tayil, silin da fenti tare da kuɗin aiki sun ci kusan haka. Duk abin da baƙi ke tambaya a kai, wato kayan Kurmi da na marina da zanen dattijon nan, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Abin da ba a sa shi a lissafi kuma yake ci shi ne kuɗin mota, 'yan dako, abincin ma'aikata, ƙusa, gam, da "Hajiya ba a kawo kaza ba". Ki ware masa nasa tun farko. Duk abin da kika tabbatar kina so kuma ba ya lalacewa, kamar tayil da yadi, ki saya ki ajiye da zarar kuɗin ya zo hannu.

Yanzu mun ga hunturu mun ga damina a gidan. Bangon ƙasa ba ya nuna ƙura, farin ne ke son tsumma. Fayafai suna tara ƙura a cikin saƙarsu, sai an sauke su an kakkaɓe da busasshen buroshi, ruwa yana sa su baƙi. Tum-tum suna bushewa da sanyi, ɗan man kaɗanya a tsumma yake gyara su, da damina kuma a ɗaga su daga ƙasa lokaci-lokaci saboda fumfuna. Tabarmar kaba ta fara zarewa a gefen da yara ke zama, wannan na san sai an canza ta duk shekara, kuma kuɗinta bai kai na wankin kafet ba. Ɗakunan kwana har yanzu fari ne kawai da gado. Na yara zan fara taɓawa, na riga na auna shi, kuma wannan karon zan kai wa kafinta aikin bayan Babbar Sallah, lokacin da layi ya ragu.